Cocin da Aka Garƙame Ya Ninka: Tarihin Menonawan Habasha

A watan Janairun 1982 ne jami'an gwamnatin sojan Habasha suka fara bin majami'un wata ƙaramar ɗarikar Kirista ta Menonawa mai suna Meserete Kristos suna garƙame su ɗaya bayan ɗaya. Kafin shekarar ta fita an rufe dukkan ikilisiyoyin cocin guda 14, an riƙe kuɗinsa na banki, an ƙwace gine-ginensa, an kuma tura shida daga cikin shugabanninsa gidan yari. Mabiyansa a lokacin ba su wuce 5,000 ba, a ƙasar da ke da mutum wajen miliyan 40. Duk jami'in da ya rubuta a takarda cewa an gama da wannan ɗarika, ba za a ce ya yi gaggawa ba. Bayan shekara tara gwamnatin ta faɗi, aka fito fili aka yi ƙidaya, sai ga masu baftisma 34,000.

Masu wa'azi a Amurka da Kanada sun daɗe suna ɗauko wannan labari, kuma darasin da suke cirowa kusan kullum ɗaya ne, wai matsi ne ke haɓaka addini. Maganar tana da daɗin ji a kan mumbari, amma tarihin Menonawan kansu bai gaskata ta ba. A ƙarni na 16 an tsananta wa kakanninsu a Ostiriya da kudancin Jamus har aka kusa shafe su daga can. A zamanin Stalin an tarwatsa ƙauyukansu na Yukiren, ba su sake tashi ba. To, idan kwaɗon da aka sa wa ƙofa ya ninka wani coci kusan sau bakwai, ruwa ba ya tsami banza. Sai an koma an duba abin da ya gudana a shekara talatin da 'yan kai kafin a kawo kwaɗon.

Su dai Menonawa asalinsu Turai ne. Ranar 21 ga Janairun 1525, a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, wasu almajiran malamin gyaran addini Ulrich Zwingli, da suka ga malamin nasu yana jan ƙafa, suka taru a wani gida suka yi wa juna baftisma. Hujjarsu ita ce wadda aka yi musu suna cikin tsumma ba ta ƙirgu ba, tunda jariri bai san abin da aka karɓa da sunansa ba. A yau wannan saɓanin malamai ne kawai. A wancan zamani kuwa baftismar jariri ce ke shigar da mutum coci, ta kuma sa shi ƙarƙashin hukuma a lokaci guda, don haka wanda ya ƙi ta ɗan tawaye ne. A 1527 hukumar Zurik ta ɗaure Felix Manz, ɗaya daga cikin jagororinsu, ta nutsar da shi a kogin Limmat. Katolika suka farauce su, Furotesta ma suka farauce su. Sunan da ya bi su daga baya na wani limamin Katolika ne ɗan Holan, Menno Simons, wanda ya ajiye limanci a 1536 ya shiga cikinsu, ya ƙare rayuwarsa yana ɓuya, yana rubutu, yana tattara waɗanda suka warwatse.

Daga wannan farauta suka fito da aƙidar cewa coci jama'ar da ta shigo da ƙafarta ce, ba gini ba, ba kuma sashen gwamnati ba, sannan mai bin Almasihu ba ya ɗaukar makami. Sun yi ƙarnoni suna sujada a ɗakuna da rumbunan hatsi, mai wa'azinsu manomi ne da aka zaɓa daga cikinsu. Wannan gado zai yi rana a Habasha, ko da yake waɗanda suka kai shi ba su ɗauka shi ne babban abin da ke cikin kayansu ba.

Waɗanda suka je Habasha jikokin masu gudun hijira ne da suka zauna a yankin Lankasta na jihar Fensilbeniya tun farkon ƙarni na 18. Manoma ne masu riƙo, mazansu da kwat marar kwala, matansu da ɗan farin kallabi, waƙarsu ta coci ba ganga ba molo, murya zalla. Hukumarsu ta mishan ƙarama ce. A 1934 ta buɗe aikinta na farko a Afirka, a Shirati ta ƙasar Tanganyika, bakin tafkin Biktoriya.

Habasha kuwa ba ƙasar da ke jiran wani ya kawo mata labarin Almasihu ba ce. Tun ƙarni na 4 Sarki Ezana na Aksum ya karɓi Kiristanci, lokacin da kakannin mutanen Lankasta ba su ji labarinsa ba tukuna. Mai karatu Musulmi ya san wajen sarkin wannan ƙasa, Najjashi, sahabbai suka yi hijirar farko. Cocin Otodoks shi ne cocin sarauta, yana da filaye, da gidajen zuhudu, da harshen ibadarsa na Ge'ez. Da Sarki Haile Selassie ya dawo kan gadonsa a 1941 bayan mamayar Italiya ta shekara biyar, yana buƙatar likitoci da malaman makaranta na 'yan mishan, amma ba ya son su taɓa garken cocinsa. Sai ya yi dokar 1944, wadda ta raba ƙasar gida biyu: yankuna rufaffu, inda Otodoks suka fi yawa, ɗan mishan zai iya ba da magani ya koyar da boko amma ba zai janye kowa zuwa ɗarikarsa ba; da yankuna buɗaɗɗu, na Musulmi da masu addinin gargajiya, inda aka sakar masa mara. Adis Ababa tana cikin buɗaɗɗu. Koyarwa kuma da Amharanci za a yi ta.

Menonawan farko ma ba da sunan mishan suka shigo ba. A 1945 suka iso a matsayin masu agajin bayan yaƙi, da tufafi da magunguna. Gwamnati ta ba su wata tsohuwar masana'antar gurzar auduga a Nazaret, garin da yau aka mayar wa sunansa na Oromo, Adama, kimanin kilomita 100 kudu maso gabas da Adis Ababa a kan layin dogon Jibuti. Suka mai da ita asibiti, aka sa masa sunan Haile Mariam Mamo, ɗaya daga cikin jaruman da suka yaƙi Italiya. Sai a 1948 hukumar Lankasta ta sami izinin aikin mishan sosai, ta buɗe tashoshi a Deder da Bedeno, cikin duwatsun Hararge, ƙasar Oromo Musulmi. Daga baya aka ƙara da makarantar makafi a Adis Ababa.

Matsalar ita ce Nazaret rufaffen yanki ce, kuma a nan ne zukata suka fara karkata. Asibitin yana da makarantar koyar da samari ɗaurin ciwo da ba da magani, ana kuma karanta Littafi Mai Tsarki da su. Da wasu suka nemi baftisma, doka ba ta yarda a yi musu a garin ba. Sai aka ɗauke su zuwa Adis Ababa, ranar 16 ga Yunin 1951 aka yi wa mutum goma baftisma ba tare da an buga ganga ba. Daga wannan rana cocin yake ƙirga shekarunsa. Wato tun ranar haihuwarsa ya san yadda ake bi ta gefen doka a yi abu cikin sirri.

Abin da ya biyo baya ba ya da armashin labarin kurkuku, shi ya sa ba a cika faɗarsa ba, amma shi ne ƙashin bayan zancen. A 1959 wakilan ikilisiyoyin suka fara zama a majalisa ɗaya, suka ɗauki sunan Meserete Kristos, wato Almasihu ne tushe, suka bar sunan Menno, wanda ba ya nufin komai a kunnen Bahabashe. Daga nan zuwa tsakiyar shekarun 1960 aka yi ta miƙa ragama hannun 'yan ƙasa: shugabanci, da kuɗi, da makarantu, da asibitoci, har ya zama ɗan mishan yana aiki ne a ƙarƙashin cocin da ya zo kafawa. A wancan lokaci mabiyan ɗaruruwa ne kawai, shugabannin kuma samari ne, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. Akwai mishan da yawa a Afirka da suka riƙe makulli har sai da aka fizge shi daga hannunsu. Waɗannan sun saki da wuri. Wani ɓangare na dalilin aƙidarsu ce, wani ɓangaren kuma halin masu masaukin ne: mutanen da suka kori Italiya a Adwa a 1896 ba su saba ɗaukar farar fata a matsayin ubangida ba.

A 1959 ɗin dai aka buɗe makarantar sakandare ta kwana a Nazaret, wadda ta haɗa karatun boko mai ƙarfi da na Littafi Mai Tsarki. Ta yaye ɗalibai da suka bazu cikin jami'a da ma'aikatun gwamnati. Ɗaya daga cikin shugabannin farko, Million Belete, ya zama shugaban Majalisar Menonawa ta Duniya daga 1973 zuwa 1978, ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera, alhali cocinsa bai kai girman wata gundumar coci guda a Fensilbeniya ba.

Amma ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. A Deder da Bedeno, inda aka zuba kuɗi da likitoci, jama'a sun karɓi magani da karatu sun gode, mafi yawansu kuma suka ci gaba da sallarsu. 'Yan kaɗan ne suka shiga, ko da yake cikin kaɗan ɗin nan da irinsu aka sami manya. Sunaye kamar Kelifa Ali da Shamsudin Abdo, waɗanda ke cikin shidan da aka ɗaure a 1982, sun isa su nuna irin gidajen da suka fito. Inda ikilisiyoyi suka yi saurin cika shi ne gonakin rake na Wonji da Metahara a kwarin kogin Awash, waɗanda wani kamfanin Holan ya buɗe tun daga shekarun 1950. Leburorin da aka kwaso daga kudu, daga ƙasar Kambata da Hadiya da Wolaita, sun bar gida da dangi, da yawansu kuma sun riga sun saba da wa'azin bishara tun a can. Ma'aikatan asibiti da ɗalibai ne suka riƙa zuwa suna jagorantar sujada a barikokinsu.

Sai kuma lamarin 'yan makaranta. A farkon shekarun 1960 wasu ɗaliban sakandaren gwamnati a Nazaret suka roƙi likitan mishan, Dokta Rohrer Eshleman, ya koya musu Turanci. Ya ce ya yarda, amma da Bisharar Yohanna za a yi karatun. Turanci suka zo nema, sai suka zarce da addu'a da azumi, suna fita bayan gari suna kwana suna roƙo, suna cewa Ruhu Mai Tsarki ya sauko musu. Suka kira ƙungiyarsu Semay Birhan. Ba su shiga cocin 'yan mishan ba da farko, domin iyayensu Otodoks ne, kuma shiga addinin baƙi abin kunya ne a gida. Da suka tafi jami'a a Adis Ababa suka haɗu da wasu matasa irinsu, daga nan cocin Mulu Wongel ya fito a 1967, coci na farko na 'yan Fentikos da 'yan ƙasa suka kafa da kansu. Gwamnatin sarki ta ƙi yi masa rajista, a 1972 kuma aka kama mabiyansa da yawa. Wannan coci ne ake danganta Firayim Minista Abiy Ahmed da shi a yau.

Da aka hana su taro, da yawa daga cikin matasan nan suka riƙa zuwa majami'un Meserete Kristos, waɗanda ke da izini. Suka shigo da abin da manoman Lankasta ba su taɓa mafarki ba: waƙoƙin Amharanci sababbi da ƙungiyoyin mawaƙa, da guɗa, da addu'ar warkarwa, da fitar da iskoki. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da bautar zar, 'yar'uwar borin ƙasar Hausa, take da ƙarfi. Mishan ya zo da allura da ƙwaya. Matasan suka amsa tambayar da marar lafiya ke yi a zuci, wato wa ya jefe ni, wa kuma zai cire. Dattawan cocin sun yi ta kai-kawo a kan lamarin, amma ba su kori yaran ba. Suka bar su su yi zafinsu, su kuma suka riƙe tsari da koyarwa. Tun daga lokacin mutanen gari suke kiran duk wani Furotesta da suna Fente, da farko zagi ne, daga baya ya zama suna.

A watan Satumban 1974 sojoji suka tumɓuke Haile Selassie, bayan yunwar Wollo da fadarsa ta ɓoye. Majalisar sojan da ake kira Derg ta rungumi gurguzu, kuma zuwa 1977 Mengistu Haile Mariam ya share abokan hamayyarsa ya zauna daram. Da farko wasu Furotesta sun yi murna, domin an raba Otodoks da sarauta, an ƙwace filayensa a 1975. Murnar ba ta daɗe ba. Aka kama shugaban cocin Otodoks, Abuna Tewofilos, aka kashe shi a 1979. A shekarar nan kuma aka sace Gudina Tumsa, babban sakataren cocin Mekane Yesus na 'yan Luta, aka kashe shi. 'Yan Fente sun fi shiga ido: ana yi musu kallon 'yan koren Amurka, matasansu suna ƙin ɗaga hannu su yi kirarin cewa juyin juya hali yana sama da komai, kuma majami'unsu na cika da samarin da ya kamata a ce suna wajen taron wayar da kai na unguwa. Ƙananan hukumomin unguwa, waɗanda ake kira kebele, sun san wanda ya shiga kowane gida.

Da kwaɗon ya zo a 1982, ba a sami baƙon da za a kora a ce an sare kan maciji ba, domin shekara ashirin ke nan 'yan ƙasa ke riƙe da komai. An ɗaure shida, wasu suka maye gurbinsu ba tare da an sanar ba. Aka rarraba jama'a ƙungiya-ƙungiya, mutum biyar zuwa bakwai, a gidajen juna. Ba a shiga tare, ba a fita tare. Waƙar da a da take tashi da guɗa ta koma ƙasa-ƙasa. Wani kwamiti yana shirya darussa a rubuce, su bi hannu-hannu har su kai kowace ƙungiya, don kada kowa ya koyar da abin da ya ga dama. Sabon mutum ba a kai shi ƙungiya sai wanda ya kawo shi ya daɗe yana lura da shi, baftisma kuma sai bayan dogon karatu, a cikin gida, ba idon jama'a. Ana tara zakka a biya masu bishara, a tallafi iyalan waɗanda ke tsare. Biki da jana'iza, waɗanda babu gwamnatin da za ta iya hanawa, su suka zama manyan taruka.

A nan lissafi kaɗai ya isa bayani. Ikilisiya 14 tana iya tafiya da masu wa'azi 'yan gommai, saura su zauna a benci su saurara. Amma mutum 5,000 da aka raba bakwai-bakwai suna buƙatar jagora fiye da 700, kuma duk ƙungiyar da ta cika ta rabu biyu, an ƙara buƙatar wani. Daga ina za a samo su? Daga ɗaliban da makarantar Nazaret ta yaye, da ma'aikatan jinya, da akawuna, da leburorin rake da suka iya karatu, da matasan Mulu Wongel da suka riga kowa sanin ɓuya tun 1972. Sannan daga mata. Gida wurinsu ne, zirga-zirgarsu ba ta ɗaukar ido kamar ta maza, sai ga waɗanda a da ba sa hawa mumbari suna koyarwa suna jagorantar addu'a. Gwamnati ta ƙwace benci, ta tilasta wa mai sauraro ya zama malami. Wannan bai yiwu ba sai don akwai masu karatu da yawa, kuma aƙidar da aka gada ba ta ce sai a tsarkakakken gini ko ta hannun wani babban limami ibada take karɓuwa ba.

Ita ma gwamnatin ta taimaka ta inda ba ta nufa ba. Ta raunana cocin da ya fi ƙarfi, ta tumɓuke mutane daga ƙauyukansu da shirin sake tsugunarwa, ta kwashi samari zuwa yaƙin Eritriya da Tigrai, ga yunwar 1984 da 1985. Mutumin da aka raba da garinsu da limaminsu, idan ya sami mutum shida da suka san sunansa, suke zuwa duba shi in ya kwanta, ba wuya ya zauna. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa wani lardi kuma, da shi da ƙungiyarsa ake tafiya, ya je ya kafa wata.

Ba kuma a Meserete Kristos aka fara ganin haka a Habasha ba. Mishan ɗin SIM, wanda ya fara kafa tasha a Patigi a 1902 kuma ya haifi cocin ECWA a Nijeriya, ya shiga Habasha a 1927. Da Italiya ta kori ma'aikatansa a 1937, masu baftisma a Wolaita 48 ne. Da suka dawo bayan yaƙi, suka tarar da dubbai. Ƙidayar ƙasa ma ta nuna guguwar ta fi coci guda: Furotesta sun tashi daga kusan kashi 10 cikin 100 a 1994 zuwa kashi 18.6 a 2007, shekarar da Otodoks ke da kashi 43.5, Musulmi 33.9. Kale Heywet, wanda ya fito daga SIM, da Mekane Yesus, kowannensu miliyoyi yake ƙirgawa. A cikin gidan Fente, Meserete Kristos ƙane ne.

Maƙwabciya kuwa ta nuna ɗaya fuskar. Hukumar Lankasta ɗin nan dai ta shiga Somaliya a 1953 da irin kayan aikin da ta kai Habasha, makarantu da asibiti. A 1962 aka daɓa wa ɗan mishan Merlin Grove wuƙa a Mogadishu ya mutu. Gwamnati ta wajabta koyar da addinin Musulunci a makarantunsu, suka amince suka ci gaba. Gwamnatin Siad Barre ta karɓe makarantun, a 1976 kuma aka sallame su. Sun bar tsofaffin ɗalibai masu ganin girmansu, amma ba su bar coci mai tsayuwa ba. Mutane iri ɗaya, hanya iri ɗaya, gwamnatin gurguzu a nan da can, sakamako daban.

A watan Mayun 1991 Mengistu ya tsere zuwa Zimbabuwe. Shugabannin da aka ɗaure sun riga sun fito bayan fiye da shekara huɗu. Mutanen da suka yi shekaru suna unguwa ɗaya ba su san ɗarikarsu ɗaya ba suka ga juna a taro. Daga nan haɓakar ba ta tsaya ba, abin da ya ƙara raunana zancen cewa matsi ne sirrin. A ƙididdigar 2022 masu baftisma sun haura 370,000 a ikilisiyoyi fiye da 1,000, ban da yara da masu jiran baftisma. Shi ne cocin Menonawa mafi girma a duniya a ƙasa guda, ya ninka babbar ɗarikar Menonawan Amurka sau da yawa. Mafi yawan sababbin mabiya ba a Nazaret ko Adis Ababa suke ba, suna karkara, musamman yammacin Oromiya.

'Yanci ya zo da nasa ciwon kai. Dubban mutane sun shigo ba su taɓa ganin fasto mai horo ba, shi ya sa a 1994 aka buɗe kwalejin koyar da shugabanni a Adis Ababa da ɗalibai 13, aka mai da ita harabarta ta Bishoftu a 2007. Da aka koma manyan majami'u aka sake kafa mumbari, maza suka koma kansa, matan da suka riƙe ƙungiyoyi a lokacin tsoro suka koma benci. Sai a 2006 babban taron cocin ya yanke cewa mace tana iya riƙe muƙami a ikilisiya. A zaman nan aka warware wata tsohuwar rigima da duk cocin Afirka ya sani: mai mata fiye da ɗaya da ya tuba. A da sai ya saki saura kafin a yi masa baftisma, abin da ke jefa mata da 'ya'ya cikin wahala. Taron ya ce a yi masa baftisma da matansa, amma ba zai ƙara aure ba, ba kuma zai yi shugabanci ba. Hukunci ne na mutanen da suke zaune da matsalar, ba na masu aiko da wasiƙa daga ƙetare ba.

Saura tambayar da Menonawan Arewacin Amurka ke yi a hankali idan sun kai ziyara: me ya rage na Menno a nan? Kallabi da kwat sun tafi, kuma babu mai kewarsu. Sujada ta Fentikos ce, da amsa-kuwwa da kiɗan zamani. Talakan mabiyi a yammacin Oromiya zai ce shi Fente ne, ko ɗan Meserete Kristos. Sunan limamin Holan sai a ajin kwaleji. Baftismar manya tana nan, horon ikilisiya yana nan, zaɓen dattawa daga cikin jama'a yana nan. Inda aka fi rauni shi ne ƙin ɗaukar makami. 'Yan mishan baƙi ne a ƙasar sarkin da ya dawo gadonsa da yaƙi, ba su matsa kan wannan koyarwa kamar yadda ake matsawa a Lankasta ba, kuma da Derg ta zo kwasar samari ba ta tambayi kowa aƙidarsa ba.

Yanzu ne cocin ke komawa kan wannan babi, ba don baƙi sun tuna masa ba, sai don ƙasar ta tilasta. Mabiyansa Oromo ne da Amhara da Tigrai da mutanen kudu, su ne kuma ƙabilun da siyasa ta haɗa faɗa tsakaninsu, daga yaƙin Tigrai na 2020 zuwa 2022 har zuwa tashin hankalin Oromiya da Amhara, inda ikilisiyoyi da dama suka yi gudun hijira. Cocin yana da sashen sulhu, yana kuma da aiki a gidajen yari da dama tun shekarun 1990. Ta wannan aiki ne ma'aikatansa suka lura cewa a wasu yankunan Amhara, kamar Mehal Meda a arewacin Shewa, yawancin fursunoni kisan ramuwar gayya ya kawo su: a kashe wani, ɗan'uwansa ya rama, wanda ya gama zaman kaso kuma ya fito ya tarar ana jiransa. Suka fara horar da fursunoni da dattawan gari da limaman Otodoks kan yadda za a zaunar da dangin wanda aka kashe da na wanda ya yi kisan kafin ranar saki. Kusan duk waɗanda ake sasantawa a can 'yan Otodoks ne, kuma a cocinsu suke ci gaba da sujada bayan an gama sulhun.